Ganyen lemun tsamina ya yi baƙi, me zan fesa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da itacen lemun tsami biyu a tsakar gida. Tun ƙarshen damina ganyensu ya yi baƙi yana danƙo, tururuwa kuma na hawa da sauka ba dare ba rana, sabon toho duk ya nannaɗe. Maƙwabciyata ta ce in fesa fiya-fiya. Ina mafita? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Don Allah ki ajiye maganar fiya-fiyar nan. Guba ce mai ƙarfi, ga yara na wasa a gindin itacen, ga kaji na kiwo, kuma lemun nan a cikin abincinku zai ƙare.

Baƙin da kike gani ba shi ne asalin cutar ba. Ki juya sabon ganye ki duba bayansa da kyau. Za ki tarar da ƙananan ƙwari sun yi cincirindo, darɓa ke nan, ko wasu farare masu kama da auduga a maƙale a gindin ganye. Ruwan itacen suke tsotsa, su fitar da wani ruwa mai zaƙi, a kansa ne baƙin yake fitowa kamar kunkunniya, ya tare wa ganye hasken rana. Tururuwa kuwa zaƙin take sha, shi ya sa take gadinsu, tana korar ƙwarin da ke cinye su. Muddin tana hawa, kin yi ta feshi ke nan suna dawowa.

Saboda haka ki fara da ita. Ki sare duk reshen da ya taɓa katanga ko ƙasa, ki ɗaura ƙyalle da leda a jikin itacen, ki shafa giris a kan ledar. Kada ya taɓa ɓawon, yana lahanta shi.

Sai ki nemo 'ya'yan darbejiya busassu, ki ɓare, ki daka ƙwayar, giram 50 a kowace litar ruwa. Ki jiƙa ya kwana, ki tace da ƙyalle, ki narka ɗan sabulu kaɗan a ciki don ya kama ganye. Da yamma ake fesawa, bayan rana ta yi sanyi, kuma bayan ganyen za ki fi jiƙawa. Ki maimaita duk mako, kina haɗa sabo, domin ba ya jure ajiya.

In kin ga wani farin zane mai lanƙwasa a cikin sabon ganye, wata 'yar tsutsa ce ke tono a ciki. Babban itace yakan jure mata, amma ki rage takin yuriya, shi ke jawo toho mai laushi da ƙwari ke so. Tsutsar da ke kama da kashin tsuntsu kuwa, hannu ya ishe ta, a tsince da safe.

Lemun da ya faɗo kada ki bar shi a ƙasa, tsutsar ƙudan 'ya'yan itace na girma a ciki. Ki ƙulle shi a baƙar leda ki ajiye a rana.