Zuƙa ko tsotsa, naso ko hura?

Tambaya: Wani ɗalibin injiniya yana son kalmar da ta dace da abin da ake yi wa iskar da ke bin fiffiken jirgin sama mai ƙananan huji: zuƙa, tsotsa ko shaƙa? In kuma fitar da iska ake yi ta hujin, me za a ce?

Amsa: Sai an san aikin kafin a zaɓi kalma. Iskar da ta taɓa jikin fiffike tsayawa take cak, ta samanta kuma tana ƙara gudu kaɗan-kaɗan har ta kamo iskar waje. Wannan siririyar shimfiɗa ce Bajamushe Ludwig Prandtl ya bayyana a 1904. Ruwa ba ya tsami banza: in fiffike ya rasa ƙarfin ɗaga jirgi, galibi shimfiɗar ce ta gaji, ta ɓalle daga jikinsa tana juyi.

Zuƙa ce ta dace. Shaƙa aikin hanci ne, tsotsa kuwa baki ke yin ta a wuri guda. Zuƙa ja ne mai ɗorewa, kuma shi famfon jan iska ke yi: ya janye gajiyayyar iska ta hujin, mai ƙarfi ta sauko ta maye gurbinta, kaurin shimfiɗar ya daina ƙaruwa. Ana auna kaurin ta hanyar raba danƙon iska da saurin zuƙa. Zuƙar santimita 1 a daƙiƙa tana ba da kaurin kusan milimita 1.5, a ninka saurin sau 10, kaurin ya koma milimita 0.15. Sai dai shimfiɗa na sirancewa, gogayya da jikin fiffike na ƙaruwa, famfo kuma na shan mai. Jirgin gwaji na X-21 da Amurka ta tayar a 1963 ya nuna wata matsalar: ƙwari da ƙanƙarar gajimare suna ɓata kwanciyar iskar.

Fitarwa kuwa kalma biyu take so. Naso shi ne ratsowa a hankali ta ko'ina, kamar yadda ruwa ke ratso jikin tulu. Haka ake sanyaya ƙarfen da wutar inji ke duka, iska mai sanyi ta lulluɓe shi. Hura tana da ƙarfi a cikinta. In ta yi yawa sai ta ɗage shimfiɗar gaba ɗaya daga jikin ƙarfen, gogayya a wurin ta kusa kai sifili.