Ɗana wasa kawai ya sani, anya zai yi karatu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce daga unguwar Garin Malam a Damagaram. Ɗana shekararsa huɗu da rabi. Da ya dawo daga makarantar allo sai wasa: tuwon ƙasa, gwangwanaye, motar kara, guje-guje da yaran maƙwabta har magariba. Babansa ya ce abin ya yi yawa, a samo mai koya masa baƙaƙen Faransanci da ƙirga a gida kafin ya shiga lakwal. Ni kuma in na zaunar da shi, minti biyar sai kuka. Wasan nan ba ɓata masa lokaci yake yi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya shi, ya yi masa albarka. Ki kwantar da hankalinki, yaron da kika kwatanta lafiyarsa ƙalau.

Ki tambayi duk malamar da ta taɓa riƙe ajin farko, wato CI, abin da ya fi ba ta wahala a watan Oktoba. Da wuya ta ce miki rashin sanin baƙaƙe, domin koyar da su aikinta ne. Abin da ke gajiyar da ita shi ne yaron da ba ya iya jira a zo kansa, wanda in an ce "ɗauko allonka, ka goge, ka ɗaga sama" sai ya manta na biyu kafin ya gama na farko, wanda yatsunsa ba su iya riƙe alli ba. Waɗannan kuwa a fagen wasa ake samun su.

Ɗauki wasan jini-jini da muka yi muna yara. Mai ja ya ce akuya da jini, a amsa; kaza da jini, a amsa; sai kwatsam ya ce dutse da jini. Bakin yaro ya riga ya saba da amsawa, dole ya kame shi cikin ƙiftawar ido. Wannan kame kai shi ne zai zaunar da shi a aji ya saurari malama alhali ana hayaniya a waje. Carafke kuma ido ne da hannu da lissafi a lokaci guda: a jefa dutse sama, a kwashi biyu ko uku, a cafe kafin ya faɗo. Motar karan da babansa ke ganin shirme ce, kafin ta tsaya da ƙafafunta sai yaro ya gwada tsawo, ya gane taya ɗaya ta fi sauran girma, ya warware ya sake. In an zo tuwon ƙasa, wannan ita ce uwa, wancan shi ne mai shago a kasuwar Dole, ana ciniki da ganye a matsayin kuɗi. Yaron da ya yarda ganye ya tsaya a madadin kuɗi ya kama hanyar yarda cewa zane a kan allo na iya tsayawa a madadin sauti, kuma nan karatu yake farawa.

Ana haihuwar jariri da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na girman ƙwaƙwalwar babba, kafin ya kai shekara biyar zuwa shida ta kai kusan kashi 90 cikin 100. Abin da ake maimaitawa a shekarun nan shi ke kafuwa. Akwai binciken da nake yawan ba iyaye labarinsa. A 1986 da 1987, a birnin Kingston na Jamaika, an ɗauki yara 129 'yan wata 9 zuwa 24 waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar. Wasu daga cikinsu, ma'aikaciyar lafiya tana zuwa gidansu sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka bi sawunsu, aka tarar abin da suke samu a sana'a ya fi na waɗanda ba a koya wa iyayensu wannan wasan ba da kusan kashi 25 cikin 100. Mu da muka san tamowa a yankin nan, labarin ya shafe mu. Ba kayan wasan kanti aka raba musu ba, don haka ki riƙe jikkunanki.

Darasin wannan bincike yana kan uwar ne. Wasa ya fi amfani in babba yana sa baki jefi-jefi. Kina tsintar wake, ba shi murafen kwalba ya ware jajaye daban, ya ƙirga miki su. Ya kawo motarsa, tambaye shi ina za ta, Mirriya ko Magariya, me ta ɗauko, wa ke tuƙi. Ki bar shi ya ƙarasa maganarsa ko da yana inda-inda. Da dare a yi gatana, Gizo da Ƙoƙi, kashegari shi ya maimaita miki. Yaron da ya iya jera labari da Hausa, daga farko zuwa ƙarshe, Faransanci zai zo masa da sauƙi, don ya riga ya san yadda magana ke tafiya.

Abin da ban lissafa cikin wasa ba shi ne salula. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2019, ta ce yaro ɗan shekara 3 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana yana zaune gaban waya ko talabijin, kuma yana bukatar motsa jiki na minti 180 a rana, 60 daga ciki mai sa haki. Guje-gujen ɗanki ya cika wannan. Naki shi ne sa ido: babura a lungu, tafkuna in damina ta sauka, da zafin rana a bazara, a dawo da shi inuwa a ba shi ruwa.

Game da babansa, kada ki mai da abin gardama. Shi ma alheri yake nema wa ɗansa. Tuna masa cewa Manzon Allah (SAW) ya tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa, bai so ya katse masa ba. In yana son baƙaƙe, shi da kansa ya tsuguna ya zana harafin farko na sunan yaron a rairayi, su bi shi da yatsa ko su jera tsakuwa a kai, minti biyar zuwa goma, a tashi tun kafin a kai ga kuka. Mai koyarwa na kuɗi, a ganina, a jira tukuna.

Wanda ya kamata a kai asibiti shi ne yaron da ya daina wasa kwatsam ya koma rakuɓe, ko ɗan shekara huɗu da ba ya haɗa jimla, ko wanda ba ya waiwayowa in an kira shi ta baya. Wannan a duba jininsa, da nauyinsa, da kunnensa.