Lambar wayata ta rabu da 7, 11 da 13: arziki ne ko damfara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wani a zaurenmu na WhatsApp ya ce in rubuta lambobi ukun ƙarshe na wayata sau biyu. Nawa 736 ne, ya zama 736736. Ya ce in raba da 7, da 11, sannan da 13. Wallahi ba saura, kuma 736 ɗina ya dawo. Wai alama ce ina da "lambar arziki", in tura dubu ashirin ya fitar mini da lambobin cin loto. Na riga na tura dubu biyar, hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka ƙara tura masa ko kwabo.

Rubuta lamba mai gida uku sau biyu daidai yake da ninka ta sau 1001, shi kuma 1001 ba komai ba ne illa 7 × 11 × 13. Ninkin da ka yi da hannunka ne mutumin ya sa ka warware. Daga 100 zuwa 999, duk lambobi 900 ɗin nan haka za su yi, har ta maƙwabcinka da bashi ya yi wa katutu.

Ita 736736 cika ce, ba mara ba. In ka farfasa ta za ka samu 2 × 2 × 2 × 2 × 2 × 7 × 11 × 13 × 23. Lambobi 96 ne ke raba ta ba saura, kuma in ka tara su ban da ita kanta za su kai 1,295,392, wato sun zarce ta. Irin wannan masana ke kira lamba mai yalwa. Yalwar masu raba ta ake nufi, ba ta aljihu ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda mutane suka ɗauka siffar lamba tana jawo rabo. Kusan kullum sai ɗalibi ya tare ni bayan darasi da 'yar takarda a ninke, wai wani "gwani" ya lissafo masa lambar da za ta fito. Har wanda ya ci jarrabawar lissafi da kyau na gani yana ɓoye irin takardar nan a hula kamar laya! A loton da ake zaɓen 5 cikin 90, hanyoyin zaɓe 43,949,268 ne, kuma injin bai san wace lamba ce ke rabuwa da 7 ba, bai kuma tuna abin da ya fito jiya. Wai lamba "ta daɗe ba ta fito ba, lokacinta ya yi", zancen banza ne. Mai sirrin miliyoyi me zai yi da dubu ashirin ɗinka? Hukuncin caca kuwa ka san shi, ba sai malamin lissafi ya karanta maka ba.

In kana son gwada shi, ba shi lambobi huɗu a rubuce sau biyu, ka ce ya faɗi masu raba ta. In ya ambaci 73 da 137, to ya yi karatu, amma dai har yanzu ɗan damfara ne.