Allurar Rejuran tana sa haske?

Tambaya: Likita, ana ta tallan allurar Rejuran. Da gaske tana haska fata?

Amsa: Hajiya, ba bilicin ba ce. A Koriya ta Kudu ake haɗa ta daga DNA (sinadarin ƙwayoyin halitta) na kifin salmon, don fata ta yi laushi, ƙananan layukan tsufa su ragu. Ana ɗiga kusan mililita 2 cikin fatar fuska, tsira bayan tsira, sau 3 ko 4, da tazarar mako 2 zuwa 4. Ƙullutun da ke tashi a gurbin allurar kan baje cikin kwana 2. In wurin ya yi ja da mugunya, ƙwayar cuta ce, galibi daga ƙazantar allura ko jabun kaya, sai asibiti. Mai ciki da wadda kifi ke sa wa borin jini su haƙura.