Yadda ake tsara labarin binciken kisa a karkarar Faransa

Malama, kin tambayi yadda za ki rubuta labarin binciken kisa marar tayar da hankali, wanda girki da giyar inabi suka cika shi, a ƙaramin garin Faransa. Ɗauki yankin Périgord.

Fara da mai binciken, don nan marubuta suka fi tuntuɓe. A karkara jandarmomi ne ke binciken kisa, ƙarƙashin mai gabatar da ƙara. Ɗan sandan gari kuwa magajin gari yake yi wa aiki: kasuwa, motoci, rigimar maƙwabta. Ba shi da hurumin kisa, amma ya san kowa, kuma amfaninsa ke nan a labari.

Sai lokaci. Baƙar truffe, dangin laimar kwaɗi mai ɗan karen tsada da karnuka ke sansanowa a ƙarƙashin ƙasa, daga Disamba zuwa Fabrairu take kaka. Kika sa ta ɗanya a teburin Yuli, mai karatun da ya sani ya kama ki. Yawancin inabi a Satumba ake yanka, na giya mai zaƙi ta ƙauyen Monbazillac kuwa ana jinkirta shi har Oktoba ko Nuwamba. Kasuwar garin Sarlat, a yankin, Laraba da Asabar take ci.

Dalilin kisa, gado ya fi komai ƙarfi. Dokar Faransa ta hana uba cire 'ya'yansa daga gado: ɗa guda yana da rabin dukiya, biyu kashi 2 cikin 3, uku ko fiye kashi 3 cikin 4. Gonar inabi ɗaya, magada huɗu, ɗaya na son a sayar. Akwai kuma algus, wato cakuɗa truffe ta Sin mai araha da ta gida.

Kada ki nuna jini. Hujjojin su fito a bakin masu cin abincin rana.