OutKast su suka sauke kansu daga lamba ɗaya

Ɗan'uwa kana tambaya ko da gaske ne OutKast, wato mawaƙan rap ɗin nan biyu André 3000 da Big Boi, su da kansu suka sauke waƙarsu daga saman Billboard, jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Eh, gaskiya ne. Hey Ya! ta hau lamba ɗaya a Disambar 2003 ta yi sati 9 a wajen, sai a Fabrairun 2004 The Way You Move ta zo ta karɓe kujerar, kuma duka biyun daga kundi ɗaya suka fito, Speakerboxxx/The Love Below. Dama kundin kashi biyu ne, André 3000 da nashi Big Boi da nashi, Hey Ya! ta André ce ɗayar kuma ta Big Boi, shi yasa gidajen rediyo suka riƙa sa su kamar waƙoƙin mutum biyu daban, har kundin ya ci lambar yabo ta Grammy ta kundin shekara a 2004.

Amma fa kar ka auna wannan da jadawalin yanzu. A lokacin rediyo ke da ƙarfi a lissafin, sai a 2005 aka fara ƙirga waƙar da aka saya ta intanet, kallon YouTube kuwa sai 2013. Ni na ga zamanin, duk shagon kaset ɗin da ka wuce Hey Ya! ce ke tashi, har waɗanda ba sa jin Turanci sun iya amshin, wallahi sati 9 na wancan lokacin ba ƙaramin abu ba ne.