Zan iya tafiya da burukutu Amurka?

Ɗan'uwa, ka ce za ka je Amurka daga Jos, kana so ka kai wa masu dafa giya a gida da ka sani ta intanet burukutun da innarka ta dafa, su ɗanɗana.

Babbar matsalar daga burukutun kanta take. Ba ta gama tsima ba, tana ci gaba da fitar da iska, don haka in ka toshe ta a kwalba za ta iya fashewa a cikin kayanka. Ko ta isa lafiya, bayan kwana biyu ta yi tsami, mutanen kuma za su ɗauka haka asalinta yake. Wannan ya fi damuna, domin aikin inna ne za a raina.

A jakar hannu ba a wuce mililita 100 na ruwa a kowane mazubi. Amurka na barin mai shekara 21 ya shigo da lita ɗaya ba haraji, amma dole ka bayyana wa kwastan. Kada ka ɓoye tsiron dawa a kaya; hatsi da iri suna da tsauraran dokoki, ka tambayi kamfanin jirgin da kwastan ɗin Amurka tukuna.

Da ni ne, bidiyo zan ɗauko: jiƙa dawa, tsiro, niƙa, dafawa, tacewa. Dokar tarayyar Amurka ta 1978 ta halatta dafa giya a gida a can, ban da sayarwa, ana kuma samun dawa. Ku dafa tare a kicin ɗinsu.